Ko Kun Sani? Kififiyar da ke Shafe Hunturu a Ƙarƙashin Ƙanƙara

A jihar Minnesota ta Amurka, mai tafkuna sama da 10,000, mazauna ƙauyukan bakin ruwa kan taka saman tafki da ƙafa in hunturu ya kankama, su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Kifi yana nan da ransa, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas. Wannan ruwan shi ke kwantawa a ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya taso sama ya daskare ya zama murfi.

Amma abin al'ajabin na wajen kififiya mai zanen ja a gefen ƙoƙonta. Da huhu take numfashi, ga shi ƙanƙara ta rufe mata hanyar leƙowa har tsawon watanni. Sai ta lafe a gindin tafki, jikinta ya yi sanyi, zuciyarta ta koma bugawa jefi-jefi, har a yi mintuna tsakanin bugu da bugu. 'Yar iskar da take bukata ta fatarta da cikin bakinta take tsotsa daga ruwa.

In iskar ruwan ta ƙare ƙaf, za ta iya jure fiye da wata uku. A lokacin tsami mai guba yana taruwa a jininta, sai ƙoƙon bayanta da ƙasusuwanta su saki sinadarin da ke kashe kaifinsa, su kuma shanye wani kaso. Ikon Allah! Da ƙanƙara ta narke sai ta hau kututture ta yi ta shan hantsi har jikin ya warware.