Kwaikwayo a Kwamfuta da Yadda Hukumomi Ke Koyon Darasi

1.0 Gabatarwa

Ba ɗalibi kaɗai ke koyo ba. Makaranta da ma'aikata da ƙungiya su ma suna koyo, domin sukan gwada wata hanya, su ga abin da ta haifar, sannan su riƙe ta ko su sauya. Sai dai akwai gwajin da tsadarsa ta kai rasa amfanin gonar shekara ko lalacewar karatun yara. Wannan ne ya sa masana suka koma ga kwaikwayo, wato a siffanta hukuma ko muhallinta a cikin kwamfuta, a riƙa sauya sharuɗɗa ana duba sakamako, ba tare da an cutar da kowa ba.

2.0 Misalin Madatsar Calawa

An kammala madatsar ruwa ta Calawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye a shekarar 1992, bayan ta Tiga da aka gama a 1974. Kogin Calawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Da aka tare ruwan sai ambaliyar ta ragu, manoma da masunta da makiyaya na can ƙasa suka ji a jikinsu. A irin wannan hali mai sarƙaƙiya, shawarar da aka yanke a Ƙaraye ba ta nuna illarta sai a wata jiha, kuma bayan shekaru.

A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka fitar da nazarin da ya kwaikwayi tafiyar ruwan a kwamfuta. Sun gano cewa ribar noman rani a sama ba ta cike ko rabin asarar da ake yi a fadamu ba, kuma sakin ruwa bisa tsari a lokacin damina zai rage asarar. Ita kuwa sauyawar hukumomi ta ɗauki lokaci: sai a 2006 jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato suka haɗu a Damaturu, suka amince da tsari guda na kula da ruwan, tare da kafa asusu dominsa.

3.0 Kwaikwayon Koyon Kansa

Nazarin Calawa ya kwaikwayi kogi ne domin hukumomi su ɗauki darasi. Akwai kuma wanda ya kwaikwayi ita kanta hukumar. A 1991 James March na Jami'ar Stanford a Amurka ya tsara wata ma'aikata a kwamfuta, inda ma'aikata ke koyon ƙa'idar gidan, ita kuma ƙa'idar tana gyaruwa daga waɗanda suka fi ta sanin gaskiyar al'amari. Sakamakon ya nuna cewa idan kowa ya yi saurin rungumar ƙa'ida, ra'ayi yakan zama ɗaya da wuri, ilimin ma'aikatar ya tsaya cik. Idan kuwa akwai masu jinkirin sajewa, ko ana samun shigowar sababbin ma'aikata daidai gwargwado, ma'aikatar takan fi ilimi a ƙarshe. March ya bambanta abubuwa biyu: cin moriyar abin da aka riga aka sani, da laluben sabuwar hanya. Hukumar da ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya ba ta daɗewa tana dacewa da zamani.

4.0 Darasi Ga Malami

Sabon malamin da aka tura firamare a Rogo ko Ƙaraye zai tarar da tsari ya riga shi: jadawali, da salon koyar da karatun Hausa, da yadda ake fuskantar raguwar yara lokacin shuka da girbi. Ladabi ya wajabta masa sauraren na gaba da shi. Amma idan ya watsar da abin da ya koyo a kwaleji tun zangon farko, makarantar ta yi asarar abin da za ta koya daga gare shi. Haka shugaban makaranta da kwamitin iyaye ya kamata su ba shi aji guda ya gwada dabararsa, a rubuta sakamako, a kwatanta da na sauran azuzuwa. Koyarwar gwaji da ɗalibi ke yi gaban 'yan'uwansa a kwaleji ita ma kwaikwayo ce, ko da babu kwamfuta.

5.0 Kammalawa

Kwaikwayo ba ya wuce bayanan da aka ba shi, don haka jagora ne kawai, hukunci na mutane ne. Abin da misalan biyu suka tabbatar shi ne, hukuma tana gyaruwa idan ta saurari wanda shawararta ta shafa daga nesa, ta kuma bar ƙofa ga mai sabon ra'ayi a cikinta.