Kuɗin Ajiyar Haya: Yadda Ɗan Haya Zai Nemi Hakkinsa A Kotu

Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki, ko ɗalibin da ya gama karatu ya tattara kayansa, ya san abin da kan biyo bayan miƙa makullin ɗaki. Kuɗin ajiyar da mai gida ya karɓa tun ranar shiga, domin gyaran abin da aka ɓata, sau da yawa ba ya dawowa cif. Sai a ce an cire na fenti, an cire na famfo, an cire na ƙofa, har a bar mutum da abin da bai kai kuɗin mota ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, wannan kuɗi amana ne a hannun mai gida, ba haya ba ne. Akwai bambanci tsakanin ɓarna da tsufa. Gilashin tagar da yaro ya fasa ɓarna ce, kuma ɗan haya ne zai biya. Amma fentin da ya koɗe bayan shekara uku tsufa ne, wannan kuwa bisa al'ada yana wuyan mai gida, sai fa idan takardar yarjejeniya ta ce wani abu dabam.

A Jihar Legas, dokar haya ta 2011 ta tanadi cewa a ba ɗan haya rasit na musamman a kan irin wannan kuɗi, da bayani a rubuce kowane wata 6 na yadda aka kashe shi. A Ingila kuwa, tun daga 2007 tilas ne mai gida ya sa kuɗin a ƙarƙashin wani tsari da gwamnati ta amince da shi.

To, idan sulhu ya gagara fa? A 2018 Legas ta kafa kotunan ƙananan basussuka, Kano kuma ta bi sahu a 2019. An tsara su ne domin a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Da farko sai a aika wa mai gida takardar neman biya. Idan wa'adin ya cika bai biya ba, sai a shigar da ƙara a kai masa sammaci.

A gaban alƙali hujja ita ce gaba da kome. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora nauyin tabbatar da magana a kan wanda ya faɗe ta. Ɗan haya zai nuna ya biya, mai gida kuma zai nuna ɓarnar da abin da ya kashe wajen gyara.

Saboda haka tun ranar shiga gida a zagaya tare da mai gida ko dillali, a rubuta halin da kowane ɗaki yake ciki, a ɗauki hotuna, a sa hannu, a adana rasit. Ranar fita ma a yi haka. Da wannan 'yar takarda ce alƙali zai gane wanda ke da gaskiya.