ƊAN AIKE DA UWAR GARKE: TSABTAR RUBUTUN MANHAJA A BAKIN KOGIN HAƊEJA

Gabatarwa

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Ya biyo ta Wudil da Ringim, ya iso Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa fadama bai rataya ga ruwan sama kaɗai ba, ya rataya har ga abin da aka sako daga madatsun. Ga kuma kacalla, wadda ta toshe wa ruwan hanyoyinsa da dama. Saboda haka manomin shinkafa a Auyo ko Kirikasamma yana bukatar sanin halin da kogi ke ciki a Wudil tun ruwan bai cim masa ba. Ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a Jihar Jigawa, ta isa shaida.

A yau irin wannan labari ta intanet yake saurin tafiya, kuma abin da ke ɗauko shi zuwa teburin ma'aikaci wata 'yar manhaja ce da rubutunta ba ya wuce shafi biyu ko uku. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa amincin irin wannan manhaja ya dogara ne ga yadda mutum zai iya karanta ta ya fahimta.

Ɗan Aike da Uwar Garke

Yawancin ma'amalar kwamfutoci ta ginu ne bisa ɓangare biyu. Akwai kwamfutar da ke ajiye bayani tana jiran mai tambaya, watau uwar garke. Akwai kuma manhajar da ke zuwa neman bayanin, wadda za a kira ɗan aike a nan. Aikin ɗan aike huɗu ne: ya isa wurin da aka aike shi, ya faɗi saƙo, ya karɓi amsa, ya dawo ya isar da ita. Ƙa'idojin wannan zance, waɗanda ake kira TCP/IP, sun zama tilas a kan ARPANET, kakar intanet, ran 1 ga Janairu 1983, kuma har yau a kansu ake tafiya.

A ƙaddara wani ofis a Haɗeja ya sa an rubuta masa ɗan aike da zai riƙa ɗauko tsayin ruwan Wudil kowace safiya. Wanda ya rubuta shi mai yiwuwa ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara guda, ko ma'aikaci da za a yi wa canjin wurin aiki. Manhajar kuwa tana nan. Ranar da ta tsaya, wani ne dabam zai buɗe ta, wanda bai san marubucin ba, ga shi kuma ana cikin watan Agusta, ruwa na tafe. Wannan shi ne mai karatun da ya kamata a rubuta dominsa. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya yi irin wannan kira tun a 1984, inda ya nemi a ɗauki rubuta manhaja tamkar wallafa, watau bayani ga ɗan Adam game da abin da ake so kwamfuta ta aikata.

Suna Linzami

Matakin farko shi ne raɗa suna. Kwamfuta ba ruwanta da ko an kira adadi x ko d2, amma mai karatu da ruwansa. Idan aka rubuta tsayin_ruwa_a_mita, an gaya masa abu biyu a lokaci guda: abin da aka auna, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Kada a raina na biyun. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda manhajar wani ɓangare tana ba da adadi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren kuwa yana karɓarsa a matsayin ma'aunin mita. Wanda ya ɗauki ƙafa uku a matsayin mita uku a bakin kogi, kuskurensa ɗan'uwan wancan ne. Ba dole ba ne ma sunan ya zama na Turanci, domin harshen Python, tun fitowarsa ta uku a 2008, yana karɓar sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ.

Haka nan adireshin uwar garke da tsawon lokacin jira, a tara su wuri ɗaya a farkon rubutu, kowanne da sunansa, domin ranar da adireshi ya sake, layi ɗaya kurum za a gyara.

Kowane Aiki da Sakin Layinsa

Malamin insha'i yakan hori ɗalibi da ya ba kowane ra'ayi sakin layinsa. Haka abin yake a nan. Kashin da ke haɗuwa da uwar garke dabam, wanda ke fassara amsa dabam, wanda ke nuna wa ma'aikaci sakamako dabam. Amfanin wannan rabo a fili yake. Idan uwar garke ta sake fasalin amsarta, kashin fassara kaɗai za a taɓa. Har ila yau ana iya jarraba kashin fassara da tsohuwar amsa da aka ajiye, ko da babu intanet a ofis ranar.

Saƙo Guntu-Guntu

Akwai wani kuskure da sabon marubuci ya cika yi, watau zaton cewa saƙo zai iso a dunƙule kamar wasiƙa cikin ambulan. TCP ya yi alkawarin kawo saƙo daki-daki bisa tsarin da aka aiko shi, amma bai yi alkawarin kawo shi gaba ɗaya ba. Yana iya zuwa kashi biyu ko biyar, musamman inda hanyar sadarwa ba ta da ƙarfi. Wannan ya shafi Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, baƙi irin b ko d yana cin bayit ɗaya, amma baƙaƙe masu lanƙwasa kowannensu yana cin biyu. Idan guntun saƙo ya yanke a tsakiyar ɗ na Haɗeja, kuma ɗan aike ya yi gaggawar fassarawa, sai sunan garin ya lalace, ko manhajar ta tsaya cik. Maganin shi ne a tattara saƙo har ƙarshensa kafin a mayar da shi rubutu, kuma a sa wannan aiki a kashi guda mai suna bayyananne.

Shiru Ba Lafiya Ba Ne

Mafi muhimmanci duka shi ne abin da ɗan aike zai yi idan tafiya ba ta yi kyau ba. Abu uku na iya faruwa: ya kasa isa, ko ya isa a ƙi kula shi, ko a ba shi amsar da ba ta da ma'ana. Ƙa'idar HTTP ma ta ware wa waɗannan amsoshi lambobi: 200 na nufin an samu, 404 babu abin da aka nema, 503 uwar garke ba ta iya amsawa yanzu. Wajibi ne mai karatu ya ga inda aka tanadi kowannensu.

Da farko a yanka wa ɗan aike wa'adi, alal misali daƙiƙa goma, domin a Python, in ba a yanka ba, yana iya zaman jira ba iyaka. Na biyu, idan zai sake gwadawa, ya riƙa ninka tazara, daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, sa'an nan ya haƙura ya faɗi gaskiya. Na uku, kada a yarda ya maye gurbin rashin amsa da sifiri, ko ya nuna adadin shekaranjiya kamar na yau. Sifiri a ma'aunin kogi na nufin ruwa ya ja baya, alhali kuwa mai yiwuwa ambaliyar ce ta katse hanyar sadarwa. Saboda haka kowane adadi ya fito tare da lokacin da aka auna shi, in kuwa babu, a rubuta ƙarara cewa ba a sami labari ba. Ma'aikacin da ya ga haka zai ɗauki waya ya kira Wudil. Wanda aka nuna wa adadin ƙarya kuwa zai koma gida hankali kwance.

Kammalawa

Akwai jarrabawa mai sauƙi da kowane shugaban ofis zai iya yi, ko da bai ƙware a kwamfuta ba. Ya miƙa rubutun ga wani ma'aikaci da ba shi ya rubuta ba, ya ce ya nuna masa inda adireshi yake, da ma'aunin da ake amfani da shi, da abin da zai bayyana idan uwar garke ta yi shiru. In ya nuna su cikin 'yan mintoci, rubutun ya yi. In ya kasa, a mayar wa marubucin tun yana nan. Lokacin yin wannan kuwa shi ne rani, sa'ad da kogi ya kwanta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.