SHIN BIRI NE KAKANMU?

Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi ko Tarauni da la'asar zai ga yara sun tuɓe rigar makarantar boko, sun sa ta Islamiyya, suna sauri kada su makara. Yaro guda, da safe an karanta masa babin juyin halitta a littafin kimiyya, da yamma an karanta masa ƙissar Annabi Adamu, alaihissalamu. In dare ya yi, sai labarun nan biyu su yi ta kokawa a kansa. Mun sha jin malaman sakandare suna cewa da an iso babin nan sai aji ya ɗauki gunaguni, ga shi kuwa a kan tambaye shi a jarrabawa.

Mai zancen wani Bature ne na Ingila, Charles Darwin. A 1859 ya buga littafi, ya ce dabbobi da tsirrai ba haka su ke tun fil'azal ba. 'Ya'ya su kan ɗan bambanta da juna, wanda halittarsa ta fi dacewa da mazauninsa shi ke rayuwa ya hayayyafa, a kwana a tashi har iri ya sake. Sai a 1871 ya taɓo ɗan Adam sosai. A yi masa adalci dai, bai ce birin da ke ɓarnar gyaɗa shi ya haife mu ba, cewa ya yi mun haɗa kaka can da nisa.

To, nan fa a ke yin ta. Musulmi ya karanta cewa daga yumɓu Allah ya halicci Adamu, ba uwa ba uba, ya sa mala'iku suka yi masa sujada. Kirista ma ya tarar da halittar Adamu daga ƙasa a farkon Littafinsa. Wanda ya riƙe wannan, ina zai ajiye wani kakan da ya riga Adamu? Bahaushe ya daɗe yana cewa biri ya yi kama da mutum, amma kama ya ce, bai ce zumunta ba.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, watau a wayi gari an ce halitta ita ta yi kanta, ba Mahalicci. Abin da ya sa ke nan Sayyid Jamaluddin al-Afgani ya haɗa Darwin da Dahriyya cikin raddin da ya rubuta a 1881. Ba za mu ɓoye ba kuma, waɗansu Turawa sun ari zancen nan suka jera mutane hawa-hawa, fari a sama, baƙi a ƙasa, don su halatta mulkin mallaka. Wanda aka yi wa wannan in ya yi ɗari-ɗari, ba mu ga laifinsa ba. Kada ma a zaci mu kaɗai ne: a 1925 an gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a Jihar Tenesi ta Amurka don ya koyar da babin nan, aka ci shi tarar dala 100.

Amma mu leƙa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan bakin titin Zariya. Kulorakwin da iyayenmu suka sha don zazzaɓin cizon sauro, Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005, domin ƙwayoyin cutar da ba ya kashewa su suka saura suka yaɗu. Ga kuma sikila. A 1954 likita Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji jinin nan daga ɗayan iyayensa kaɗai ya fi tsira daga mugun zazzaɓi. Saboda haka ne jinin ya yawaita a ƙasashen sauro irin namu, wanda ya gada ta gefe biyu kuwa shi ke shan wuya. Har Gwamnatin Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, ba mu ji an ce likitoci sun yi saɓo ba. Ashe gardamar ba a kan sauro ta ke ba, a kan Adamu ta tsaya.

Tun 1888 Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham ya ce shi bai ga hujja yankakkiya ba, amma ko da ta tabbata ba za ta rushe imani ba, muddin an yarda Allah ne mai yi. Malamai da yawa ba su bi shi ba, musamman game da mutum.

Mu dai a ganinmu, malamin da ya ce wa yara su rubuta don jarrabawa su manta ya cuce su, haka wanda ya yi wa imaninsu dariya. Wanda ya fara da sikila da kulorakwin ya fi samun kunnensu bisa wanda ya fara da hoton nan na biri yana miƙewa sannu-sannu har ya zama mutum. Hoton ma ba Darwin ya zana ba. A Amurka aka buga shi a 1965, shekara 83 bayan mutuwarsa.