Ƙirar Wuyan Ɗan Adam da Cututtukansa: Darasi daga Tambuwal da Kebbe

Wuya gada ce tsakanin kai da gangar jiki, kuma duk da ƙanƙantarsa, ta cikinsa ne iska da abinci da jini da saƙonnin ƙwaƙwalwa su ke bi. Ƙasusuwa 7 ne su ka haɗu su ka yi shi, ɗaya bisa ɗaya. Na farko shi ke tallafe da ƙoƙon kai, a kansa ne mutum ke gyaɗa kai. Na biyu kuwa shi ne ginshiƙin waiwaye. Daga na biyun zuwa ƙasa akwai faifan guringuntsi tsakanin ƙashi da ƙashi, mai rage gogayya. Laka ta ratsa ta tsakiyarsu, jijiyoyi 8 su ka fita ta kowane gefe, wasunsu su ka gangara kafaɗa da hannu. Wannan shi ya sa ciwon wuya kan sauka har yatsu.

Ciwon wuya iri uku ya kamata mu bambance. Na farko, na ɗaukar kaya. Kan baligi ya kai kimanin kilo 5, jarkar ruwa mai lita 20 kuwa kilo 20 ce. Macen da ke ɗora ta kullum ta ninka wa wuyanta aiki sau biyar. Gammo ya kan kare fatar kai, amma ba ya rage nauyi. Ma'aikaci da ɗalibi masu wuni a sunkuye, su ma abin bai bar su ba.

Na biyu, rauni, wato na faɗuwa daga babur ko haɗarin mota, irin wanda a kan samu a hanyar Sakkwato zuwa Jega. A nan gaggawa ita ce ɓarna. In ƙashi ya goce, ɗaukar mutum a karkace na iya tsinka laka, ya shanye har abada. A riƙe kansa daidai da jiki, a ɗauke shi bisa allo, kada a kai shi wurin mai ɗori.

Na uku shi ne sanƙarau, wanda Hausawa su ka raɗa wa suna daga sanƙarewar wuya. Ba ciwon ƙashi ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kuma a 2013 wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a yankin Tambuwal. Lokacinsa rani ne, sa'ad da ƙura da zafi su ka yi yawa.

Saboda haka, ma'aikacin da a ka tura Kebbe ko Tambuwal ya riƙe wannan: zazzaɓi da ciwon kai, tare da kasa kai haɓa ƙirji, ba abin a jira gari ya waye ba ne. A garzaya asibiti nan take, domin sa'o'i kaɗan ne tsakanin warkewa da kurumcewa ko rasa rai.