Kwambar Kai Amarya da Haɗarin da Ke Cikin Jerin Gwanon Motoci

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Malumfashi da Funtuwa, masara ta shiga buhu, an fara kai auduga ma'auna, sai bukukuwa su ɓarke. Kuɗi ya shigo hannun manomi, auren da aka sa wa rana tun bazara ya zo. Duk wanda ke zaune a bakin titi a Karfi ya san abin da ke biyo baya da la'asar sakaliya: motoci bakwai ko goma a jere, an kunna fitilu, ana danna oda ba ƙaƙƙautawa, samari sun fito da rabin jikinsu ta taga, 'yan acaɓa na kurɗawa a tsakani. Ana kai amarya ke nan. Irin wannan jerin ake yi wajen rakiyar alhazai zuwa filin jirgin Katsina, da tafiyar Maulidi, da ranar da ɗan takara zai shigo gari.

Farin cikin halas ne, babu mai ja. Inda ake samun matsala shi ne yadda tuƙi a cikin kwamba yake sauya tunanin direba. Mutumin da idan yana shi kaɗai yakan duba hanya ya auna ta da idonsa, da ya shiga jeri sai ya daina kallon titi ya koma kallon bayan motar da ke gabansa. Ta wuce tirela, shi ma ya bi ta, bai ga abin da ke tafe ba. Ta ƙara wuta, shi ma ya taka totur, don kada a ce motarsa ta gaza ko a bar shi a baya alhali bai san gidan ango ba. A ƙarshe mutum ɗaya ne yake yanke wa motoci goma hukunci, kuma sau da yawa wannan mutumin shi ne mafi ƙuruciya da zafin kai a cikin abokan ango, wanda ya aro motar yayansa da safe.

A yi lissafi kaɗan, domin a nan ne abin yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan guda. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, sakan guda ya wuce, ga wanda hankalinsa ke kan hanya ke nan. Wanda ƙawayen amarya ke yi masa guɗa a kunne, ko yake ɗaukar bidiyo da waya, nasa ya fi haka. Wato mota ta ci mita 28 ko fiye kafin birki ya soma aiki. To a kwambar biki tazarar da ake bari tsakanin mota da mota sau tari ba ta wuce tsawon mota ɗaya ko biyu. Idan akuya ta gitta wa ta gaba, ta biyu ba ta da wata dabara, ta uku ma haka. Sannan nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya daidai da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa da birki yakan ninku sau huɗu.

Wuce babbar mota ya fi wannan muni a titi irin namu mai hannu biyu, na zuwa da na dawowa, babu shinge a tsakani. Ka ɗauka tirela tana tafiya a kan 60, kai kana kan 90. Kafin ka fito daga bayanta, ka shige ta, ka koma hannunka, za ka yi kusan sakan bakwai a hannun da ba naka ba. A cikin wannan lokaci ka ci wajen mita 175, motar da ke tahowa da gudu irin naka ita ma ta ci haka. Kana buƙatar fili fayau na kusan mita 350. Na gaba ya gan shi, ya samu. Na biyu ya samu ragowa. Na uku, wanda ya fito don kawai ya ga na biyu ya fito, shi ne yakan yi gaba da gaba da wata motar da ba ruwanta da bikin.

Kada a ɗauka ƙauyanci ne ko rashin ilimi ke jawo wannan. A ranar 12 ga Nuwamba 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya rasu a hanyar Lokoja zuwa Abuja, yana kan hanyarsa ta zuwa taron ƙungiyar a Kano, bayan wata mota daga kwambar gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada, ta yi karo da motar da yake ciki. Direbobin gwamnati ne, motoci masu lafiya, ga jiniya. Halin kwamba ɗaya ne ko ta gwamna ce ko ta amarya.

Turawa ma sun sha wannan darasi da jini. A Italiya akwai wani tsere mai suna Mille Miglia da aka fara a 1927, daga garin Brescia zuwa birnin Rum a dawo, kimanin kilomita 1,600, a kan titunan da jama'a ke bi, har da hawa da gangaren duwatsun Apennine. A watan Mayun 1957 tayar wata Ferrari ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Direban, Alfonso de Portago, ya mutu, abokin tafiyarsa ya mutu, 'yan kallo tara suka mutu, biyar daga cikinsu yara ne da ke tsaye a bakin hanya. Daga nan aka soke tseren. Da aka farfaɗo da shi a 1977, sai aka sauya masa fasali baki ɗaya. Yanzu tsofaffin motocin wancan zamani ne ke yin tafiyar a jere, ɗaruruwansu, amma ba wanda ya riga isa ake ba kambu ba. Ana yanka wa kowa lokacin da zai isa kowane zango, wanda ya makara a rage masa maki, wanda ya yi gaggawa ya riga lokaci shi ma a rage masa. Ana duba kowace mota kafin a tashi, kowane direba na riƙe da littafin hanya, makanikai na biye. Masu waɗannan motoci attajirai ne da ke kashe dukiya wajen gyara su, duk da haka ba su yarda da tsohuwar mota ido rufe ba.

Mu kuwa tsofaffin motocinmu ba na sha'awa ba ne, na neman abinci ne. Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Funtuwa, Bakori, Malumfashi da Kano, da yawansu sun gama rayuwarsu a Turai kafin su iso nan. Har yanzu akan ga ragowar Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi shekaru yana haɗawa, motar da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a wannan shekarar. Ƙarfe ne mai kyau, amma ƙarfe na gajiya. Motar da aka yi wa kujerar mutum biyar, ranar biki takan ɗauki tara, ga akwatuna da kwalla a but. Nauyi yana ƙara nisan birki, yana kuma dafa taya.

Taya ita ce abin da aka fi rainawa. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: idan ka ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, takan ce taya ta tashi aiki idan ta shekara 4 da ƙerawa. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zanenta raɗau, alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa daga ciki. Ka haɗa ta da zafin kwalta na watan Afrilu, da lodi, da gudu, sai jiran lokaci. Kafin ranar biki a kai motar wurin mai faci ya auna iska da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba, a duba har da safaya.

Sai birki. Akwai muguwar ɗabi'ar zuba ruwan omo a madadin man birki idan ya ƙare a hanya, da niyyar za a canza in an isa gari, a kuma manta. Ruwa yana tafasa tun kafin man birki ya ji zafi, kuma da ya tafasa ya zama tururi, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa babu abin da ya kama. Ko man birki na gaskiya yana tsotsar danshi idan ya daɗe, shi ya sa ake so a canza shi duk bayan kamar shekara biyu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, don haka direban nan yana iya shekaru bai gane birkinsa ya lalace ba, sai ranar da aka ce amarya Jos za a kai ta, ko a zarce ta Hawan Kibo zuwa Akwanga. A doguwar gangara wanda ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Ƙa'idar ita ce a sauko da giyar da aka hau da ita, lamba biyu ko uku, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wasu direbobi sun ƙara rungumar sa mota a firi a gangara, har da kashe inji, don tsimin mai. Idan inji ya mutu, a yawancin motoci birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi. Fetur ɗin da aka tsimta bai kai cikin kofin shayi ba.

A ƙara da yanayin hanyarmu a lokacin kaka. An baza shanyar masara da barkono a kafaɗar titi, wurin da direba zai kauce in ta ɓaci. Amalanke na dawowa daga gona da magariba babu fitila babu alama. Shanu na tsallakawa. Hazon hunturu ya sauko, hayaƙin ƙona daji ya haɗu da shi. Yara kuwa, da sun ji oda da guɗa, titi suke nufa a guje don su ga amarya. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya ga ƙananan motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Shekarun amarya da ƙawayenta da ƙannenta ke nan.

Wasan mota da ake yi a ƙofar gidan ango, a murza sitiyari mota ta yi ta juyi tana tayar da ƙura a tsakiyar mutane, ban ga abin da za a tattauna a kansa ba. Mai gida ya hana, mai unguwa ya mara masa baya.

Za a ce ai komai ajali ne. Haka ne, kuma babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Saurayin da ke ƙure maleji da mutum takwas a motarsa ya kamata wani babba ya zaunar da shi ya lissafa masa wannan kafin a ba shi makulli.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da madugu mai faɗa a ji, da jagaba da ya san hanya, kuma kowa ya san zangon da za a kwana. Abin da kwambar biki ta rasa ke nan. Waliyyai su naɗa dattijo guda uban tafiya, ya zauna a motar gaba tare da direban da ya fi kowa natsuwa, a kuma ce ba mai wuce shi. Wani babban ya zauna a ta ƙarshe. A faɗa wa kowane direba hanya da gidan da za a je, a ba shi lambar wayar wani a can, a sa wurin haɗuwa a bakin gari, domin wanda ya san inda za shi ba ya gudun kada a bar shi. Tazara kuwa a auna ta da ƙirga: motar gaba ta wuce wata bishiya, ka ƙirga sakan uku kafin ka iso ta, in da hazo ka ninka. Kowa ya wuce babbar mota da idonsa. A rage yawan motoci, bas ɗaya mai lafiya ta fi ƙananan motoci huɗu na aro. A ɗaura bel, gaba da baya in akwai, don yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. A tashi da wuri, iyaye mata su taimaka a nan, domin jinkirin shiri da sallama ne yake tura kwamba cikin duhu, ga kuma halin tsaro da yankinmu yake ciki.

Idan kuma abin ya faru, motocin baya su sauka daga kwalta gaba ɗaya, a tura mutum biyu nesa ta kowane ɓangare su tsayar da masu tahowa, don sau da yawa karo na biyu ya fi na farko ɓarna. A kashe injin motar, kada a kunna ashana ko sigari kusa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a finciko shi ta hannu, a tallafe kansa a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta a riƙe. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A nufi babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, wanda ya fi kusa, kafin a yi zancen mai ɗori, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa.