Hawan Jini da Zuciyar Mai Jego a Ƙasar Haɗejiya

Zuciya tsoka ce wadda aikinta tura jini cikin jijiyoyi dare da rana. Idan jijiyoyin suka matse, tilas ta ƙara ƙarfi kafin jinin ya wuce, kuma wannan shi ne hawan jini, watau awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye. Ga mace al'amarin ya fi nauyi, domin juna biyu kan ƙara yawan jinin jikinta da kusan rabi. Wata sai bayan mako na 20 jininta zai hau. In ba a lura ba ya kai ta ga jijjiga, wadda a ƙauye sau da yawa akan ɗora wa iskoki.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, haihuwa ba ta rufe wannan babi. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun buga bincike a 1978 a kan mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a kwanakin jego: kumburin ƙafafu, haki, tari cikin dare, da kasa kwanciya sai a jingine. Sun yi zargin kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Kanwa na ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Da aka bi sawun matan shekaru bayan haka, sai aka tarar da yawa daga cikinsu sun zama masu hawan jini na dindindin.

Amma ilmi ba ya tsayawa wuri guda. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya duba mata 406 a sassan Nijeriya. Bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatun zamani, da hawan jinin lokacin goyon ciki. Wannan ba izinin cika kunu da kanwa ba ne. Mai hawan jini dai gishiri abokin gabarta ne, ko wane suna aka ba shi.

A fadamar Haɗejiya akwai ƙarin wahala. Lokacin da kogi ya cika, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, hanyoyin ƙauyukan Auyo, Guri da Kiri Kasamma sukan yanke, sai a kwale-kwale. Macen da ta fara haki mako uku bayan suna tana wankan gida wurin iyayenta, nesa da Babban Asibitin Haɗejiya, kuma kunyar haihuwar fari ba ta barinta ta yi kuka da jikinta. Tsofaffi sukan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta.

Awon jini bai kai minti biyar ba, kuma ƙaramin ma'aikacin lafiya na iya yinsa. Ya kamata a yi shi a kowane zuwa awon ciki, a sake cikin kwanakin farko na jego, a kuma sake wajen arba'in. Wadda jininta ya taɓa hawa da ciki kuwa, a riƙa auna ta kowace shekara, ko da ta daina haihuwa.